Gutsure a Bayan Akurki

Da sanyin safiya aka tsinci Gutsure, tsohon karen gidan burodi, a mace a bayan akurkin Mai Kaji, da guntun hanjin kaza a bakinsa an baɗe shi da baƙin maganin ɓera. Kafin a je a kira Sunkuye, unguwa ta riga ta yi shari'a ta yanke hukunci, abin da ya rage kawai a sami wanda zai ce an yi daidai.

Sunkuye mai bin sawu ne. Da ƙuruciya sawun shanun sata yake bi, da na ɓarayin da suka kora su, wani lokaci har da na mutumin da ya ɓata a jeji. Tsufa ya dawo da shi cikin gari amma bai miƙe masa wuya ba, kullum kansa a ƙasa yake tafiya, har sunan tsokana ya cinye na gaskiya. Ana cewa bai san fuskar kowa a unguwar ba sai takalminsa. Shi kuwa bai taɓa musawa ba, don a ganinsa bai yi asarar komai ba.

Yana karya kwanar lungun ya tsaya ya ja dogon tsaki. Jama'a sun yi dafifi, sun tattake ƙasar wurin kamar an tashi daga kasuwa. Silifa, takalman makaranta, tayar keke, har da wani ƙato da ya taho da kofin shayinsa yana kurɓa yana kallo. Ko giwa ce ta bi ta nan da asuba, yanzu ba mahaluƙin da zai iya nuna inda ta taka.

"Kun gama kallon," ya ce, "ko a kawo muku benci?"

Suka dare, ba don kunya ba, don dai su ga abin da zai yi. Abin da ya fi tayar masa da zuciya shi ne fuskokin jimamin da suka ɗaura. Ya san su ɗaya bayan ɗaya ta takalmansu. Waccan ita ce ke watsa wa karen ruwan wanke-wanke in ya kwanta a inuwar katangarta. Wancan 'ya'yansa ne ke jifansa da dutse shi yana dariya. Yau duk sun zama masu karɓar gaisuwa, saboda an sami wadda za a yi wa taron dangi.

Mutum ɗaya ne a wurin yake kukan gaske. Mai Burodi, abokin Sunkuye tun suna yara, yana durƙushe cikin kashin kaji da rigar aikinsa fara fat da fulawa, hannunsa a kan kunnen karen yana shafawa. Bai bar kowa ya taɓa shi ba. Marigayiya matarsa ce ta tsinto Gutsure yana ɗan kwikwiyo, ta raine shi da gutsuren burodi jiƙe da madara, da ta rasu kuma tsohon ya ɗora daga inda ta tsaya. Da shi yake hira a bakin tanderu, shi yake kai wa ƙarar 'ya'yansa. Kare ya tsufa, ya kurumce, ƙugunsa ya lalace har yana jan ƙafa, amma in ka ji tsohon yana faɗa a gidan nan, to an manta ba a zuba wa Gutsure ruwa ba ne.

"Ka gani, Sunkuye?" ya ce. "Ka ga abin da Mai Kaji ta yi mini? Wannan da ko ƙuda ba ya iya kora. Me ya ci mata?"

"Wa ya ganta?"

"Sai an ganta?" in ji Mai Aski daga cikin taro. "Bayan akurkinta, hanjin kazarta. Kuma kowa ya ji ta ran nan tana cewa sai ta ga bayansa."

Mai Burodi ya share hanci da bayan hannu. "Na riga na aika mata. Kafin rana ta faɗi ta kwashe kajinta da komatsanta ta bar mini filina. Ba na son in ƙara ganin ko gashin kazarta."

Sunkuye ya san abin da wannan ke nufi. Filin na gidan burodi ne, marigayiya ce ta ba Mai Kaji aronsa lokacin da mijinta ya mutu ya bar ta ba ko tabarma. A nan ɗakinta yake, a nan abincinta yake. In ta fita daga nan da shekarunta, ba ta da inda za ta dosa.

Ya tsuguna. Ƙudaje sun fara taruwa, warin hanjin ya bugi hancinsa har sai da ya kau da kai. Ya ɗaga leɓen karen da tsinke. Hanjin a tsakanin leɓe da dasashi yake, an cusa shi kamar yadda ake toshe ɓarakar bango da tsumma, harshen kuwa tas, ba ɗigon baƙi. Ya sha ganin karnukan da suka ci guba. Amai suke yi, su yi ta birgima, su tone ƙasa da farata har su yi jini. Wannan kwance yake a gefensa na dama, ƙafafu a jere, sai ka ce barci ne ya kwashe shi. Ya zura hannu ƙarƙashin ƙugun ya ji wani abu mai laushi. Buhun fulawa ne, an ninke shi tsaf.

"Kar ka juya shi," in ji tsohon. "Bar shi ya huta."

Sunkuye ya zare buhun a hankali ya cusa a hammata. Bai san me buhun ke faɗa ba tukuna, amma shi kaɗai ne abin da ƙafafun 'yan kallo ba su taka ba. Ya sa aka kawo babban tiren burodi, shi da tsohon suka zura shi ƙarƙashin karen, aka nufi gida da shi.

"Ka ba ni zuwa yamma," ya ce. "Kar a binne shi sai na dawo."

* * *

Ya sami Mai Kaji a tsakar filinta tana ɗaure ƙafafun kaji tana jerawa a kwando. An loɓa mata ƙyaure da duwatsu, wani mara tarbiyya kuma ya watso ƙazanta ta saman shinge. Ba ta kuka. Doguwar mace ce busasshiya, wadda shirunta ya fi zaginta ciwo.

"Sannu da aiki."

"In tambaya ka zo yi, Malam Sunkuye, kai ne na farko. Sauran duk amsa suka kawo."

"An ce kin ce sai kin ga bayansa."

"Na faɗa. Da yana nan gobe ma zan faɗa. Kullum sai ya zo ya baje a bakin ƙofata, ni kuma kowa ya san ba na iya tsallake kare. Tun ina yarinya wani ya yage mini ƙauri. Sai in tsaya da kwandon ƙwai a ka ina ƙwala wa Auta, 'yar Mai Burodi, kira ta zo ta janye shi. Ran nan rana ta gasa ni, na yi magana. Shi ke nan na zama mai kisa?"

"Hanjin fa?"

Ta nuna wani bokiti a wajen shinge da haɓa. "Can nake zubawa masu shara su kwashe. Ko kai ka ga dama ka ɗiba. Maganin ɓera kuwa, nuna mini gidan da babu shi a layin nan. Gidan burodin ma sun fi kowa, su da ke da fulawa."

Ya ciro buhun. "Naki ne?"

Ta kalla ta taɓe baki. "Nawa ga su can." Buhunan da ta yi wa akurki labule da su duk an farke su, an baje, an buga da ƙusa. "Ni ina na ga lokacin ninke buhu kamar an karɓo daga wurin mai guga?"

Ta ja igiya da haƙori ta ƙulle. Sai a nan muryarta ta ɗan karye. "Yaran gidan burodin nan biyu a bayana suka yi barci lokacin da uwarsu ke kwance a asibiti. Babban, mai tuƙa motar nan, ni na raba shi da fitsarin kwance. Amma ubansu ko ya tako ya ce, ke, kin yi ko ba ki yi ba? Aike ya yi mini. Da Mai Aski."

Sunkuye ya mayar da buhun hammata. "Ki dakata da ɗaurin nan zuwa yamma."

"Kwancewa ba wuya," ta ce, ta jawo wata kazar.

* * *

Mai Aski shi ya fara ganin karen, kuma shi ya fi kowa ɗaga murya, abu biyu da Sunkuye ba ya son ya tarar a jikin mutum ɗaya. Ga kuma tsohuwar gaba a tsakani. Shekarun baya, lokacin da Gutsure ke da haƙora, ya taɓa cafke masa ɗuwawu a gaban jama'a, kuma har yau in aka tuna masa sai ya ajiye almakashi ya yi rantsuwa.

Shagon na tashin warin man gashi da tsohon gumi. Gashin mutane ya taru a kusurwa ya yi tuli, ba ranar shara. Sunkuye ya ƙi zama. Idonsa na kan gwiwar wandon mutumin, inda kashin kaji ya bushe, da hannunsa na dama da ya kakkarce har kafaɗa.

"Me ka je yi bayan akurki da asuba? Ba hanyar shagonka ba ce, ba hanyar gidanka ba."

"Iska na fita sha."

"A bayan akurki. A kan gwiwa. Iskar ce ta karce maka hannu, ta kuma fashe maka a aljihu?"

Mai Aski ya kalli aljihunsa, inda gwaiduwa ta bushe ta yi rawaya. Ya leƙa waje, ya dawo ya rage murya. Ashe akwai wata ɓaraka a ƙasan shingen, kuma bawan Allah ya daɗe yana karin kumallo da ƙwan matar da ya kai wa saƙon kora da safen nan yana hura hanci.

"Don Allah, Baba, ka rufa mini asiri. Ƙwai ne kawai. Wallahi karen a mace na same shi. Na durƙusa zan zura hannu sai na ji na dafa gashi, saura kaɗan in saki fitsari."

"Da ɗumi ko da sanyi?"

"Da sauran ɗumi."

"Me ka ji kafin ka fito?"

"Ba komai. Ni dai motar burodi nake jira, in ta fita na san layin ya yi shiru. Yau ma ɓata mini lokaci ta yi. Ta tashi, sai ta mutu. Na yi ta jira har na fara gyangyaɗi, can sai ta sake tashi ta fita."

Sunkuye ya ɗaga kai ya dube shi a fuska, ya ga bai ƙaru da komai ba. Ɓarawon ƙwai ne, matsoraci, mai baki kamar reza, amma wanda ya kusa jiƙa wando don ya dafa mushen kare ba zai tsaya ninke masa buhu ba. Ya fita ya tofar da yawu a kwata.

* * *

A gidan burodi wuta ta mutu a tanderu, kwaɓi na biyu ya kumbura ya zubo daga kwano ba wanda ya kula. An ajiye Gutsure a rumfar itace an lulluɓe shi da tsohon bargo. Mai Burodi na zaune a gefensa, ya zuba wa bargon ido. Auta, 'yarsa, wadda ke tsaron kanti, ta ja Sunkuye gefe, idanunta sun yi luhu-luhu.

"Kawu, ni ban yarda Gwaggo ce ba. Amma Baba ba ya jin kira yau."

"Nuna mini inda yake kwana."

Ta kai shi tsakar gida, inda ake ajiye motar kai burodi a jikin bangon tanderu. "A nan muke kwantar da shi, saboda ɗumin bango. Amma in sanyin asuba ya sauko sai ya ja jiki ya shige ƙarƙashin mota. Tunda ya kurumce ba ya jin inji. Shi ya sa Baba ya kafa doka, duk wanda zai ta da mota sai ya bubbuga jikinta da tafin hannu, ya leƙa, ya ga ya fito. Bugun ne yake ji a jikinsa." Sai idonta ya faɗa kan abin da ke hammatarsa. "A'a, matashinsa! Na duba ko'ina ban gani ba."

"Matashi?"

"Na ƙugunsa. In aka kwantar da shi ba a sa masa buhu a ƙarƙashi ba, kwana yake yana kuka. Dole ta gefen dama, kuma dole da buhu. Ka ga yadda aka tura bakin buhun ciki kafin a ninke? Haka muke yi wa kowane buhu a gidan nan, don kar ragowar fulawa ta zube. Baba ya koya mana tun muna ƙanana, da ranƙwashi."

"Su wa ke kwantar da shi?"

"Ni, ko Baba, ko Yaya. Wa zai taɓa mana kare in ba mu ba?"

"Da asuba kina ina?"

"Ina ciki da Baba a bakin injin kwaɓi, tun da aka gama loda mota har gari ya waye. Injin nan in yana aiki ko bindiga aka harba ba ma ji." Ta ƙura wa buhun ido. "A ina ka same shi, Kawu?"

Sunkuye ya mayar da ido ƙasa. Ƙasar tsakar gidan ta fi ta lungu mutunci, ba wanda ya tattake ta. Ga sawun taya ya ja da baya kaɗan ya tsaya. Daidai nan an share wuri ɗaya da tsintsiya, an watsa sabon yashi, a gidan da ba a share ko'ina ba yau. Ya koma rumfa, ya ce wa abokinsa zai gyara bargo, ya zura hannu ƙarƙashin gefen da karen ke kwance a kai. Abin da ya ji ya sa ya rufe ido.

Da rana ta take motar ta shigo. Direba, babban ɗan gidan, ya diro da waya a kunne, ya sallami wanda yake magana da shi, ya gyara fuska ta koma ta makoki. Motar ta sha ƙura tun daga sama har ƙasa, ban da tayar baya guda ɗaya da ke baƙa wuluk.

"Kawu, sannu da ƙoƙari. Ai magana a fili take, kar ka wahalar da ƙafarka. Ni dama na daɗe ina gaya wa Baba, matar nan ta zaune mana fili kamar ta gada. Wurin nan in aka share shi, mota biyu zai ci."

"Ka wanke taya," in ji Sunkuye. "Ɗaya."

"Kwata na taka."

Sunkuye ya gyaɗa kai. Yaron nan a gabansa ya koyi tafiya. Ya ji kamar ya je ya wanke hannu da sabulu, alhali bai ko gaisa da shi ba.

* * *

Da yamma aka haƙa rami a gindin bishiyar da ke ƙarshen tsakar gidan. Sunkuye ya aika aka kira Mai Kaji da Mai Aski. Sauran unguwa ba a kira su ba, amma suka cika ƙofa har da masu leƙe ta saman katanga. Mai Kaji ta tsaya can nesa da tiren, ta harɗe hannuwa. A bakin ramin Sunkuye ya zubar da 'yan buhunan fulawa a warwatse, kamar wanda ya manta da su.

"Abokina ba shi da bayan da zai sunkuya," ya ce. "Wani ya sa masa karen a rami. Ke fa?"

"Ko za a yanka ni," in ji Mai Kaji.

Taro ya yi guna-guni, wai ga alama nan. Sunkuye ya juya ga Mai Aski. "Kai da ka fi kowa jin zafin mutuwar nan, bismillah."

Mai Aski ya yi wuƙi-wuƙi, ya tuna da aljihunsa, ya matso. Ya naɗe hannu da tsumma, ya kama ƙafar baya guda, ya fara ja yana toshe hanci.

"Kai!" Tsohon ya zabura. "Ƙugunsa!"

"Kauce, mara imani," in ji Direba. Ya ture Mai Aski, ya tallabo karen da hannu biyu kamar jariri, ya sauka cikin ramin. Kowa na gani, ɗa nagari yana share wa ubansa hawaye. Ya kwantar da shi, ya juya shi gefen dama, ya jera masa ƙafafu. Hannunsa ya miƙa da kansa ya jawo buhu ɗaya daga bakin ramin, ya tura bakinsa ciki, ya ninke, ya ɗaga ƙugun ya zura. Ko kallon abin da yake yi bai yi ba.

Sunkuye ya zare nasa daga hammata ya ajiye a bakin ramin.

"Wannan a ƙarƙashin ƙugunsa na ciro shi da safe, a bayan akurki," ya ce wa Mai Burodi. "A gabanka na ciro, hawaye ne ya rufe maka ido. Dubi ninkin. Mutum uku ne a duniya ke kwantar da karen nan haka, biyu kuma suna bakin injin kwaɓi."

Ya kama hannun tsohon, ya taimaka masa ya durƙusa, ya kai yatsunsa ƙarƙashin ƙirjin karen. Haƙarƙarin duk ya rugurguje.

"Guba ba ta yin wannan," ya ce. "Taya ke yi."

Direba ya tsaya a cikin ramin, ƙasa har gwiwa. "Baba, tsautsayi ne. Waya ce ta shigo, na manta ban buga ba. Na ji tayar ta hau wani abu. Wallahi ina fitowa ya riga ya cika. Na san in ka ji ni ne ba za ka ƙara kallona ba."

"Tsautsayi ne, na yarda," in ji Sunkuye. "Buhun ma na yarda, hannun da ya saba ne ya yi, kuma shi kaɗai ne abin kirkin da ka yi yau. Hanjin fa? Ka shiga sito ka ɗebo guba, ka tsoma hannu a bokitin ƙazanta, ka buɗe bakin karen da uwarka ta raina ka cusa masa. Ka ɗauke shi ka wuce juji, ka bar bakin titi inda kowace mota za ta iya ɗaukar laifin, ka kai shi bayan akurkin matar da ta goye ka. Wannan wace waya ce ta shigo?"

Auta ta toshe baki da gyale, kuka ya ƙwace mata. A bakin ƙofa kuwa iska ta riga ta juya. "Ni dama tun safe jikina bai ba ni ba," in ji mai watsa ruwan wanke-wanke. "Yaron nan dama idonsa a tsaye yake," in ji uban masu jifa. Har Mai Aski ya buɗe baki zai sa nasa, Sunkuye ya kalli aljihunsa, ya rufe.

Mai Burodi bai ɗaga hannu ba, bai ɗaga murya ba. "Fito daga ramin," ya ce wa ɗansa. "Kar ka ƙara taɓa shi." Ya fara tura ƙasa da tafukan hannunsa, yana kuka kamar ƙaramin yaro, ya hana kowa ya kawo shebur. Sai da ya gama ya waiga inda Mai Kaji take tsaye. Ba ta nan.

* * *

Mai Burodi da Sunkuye da Auta suka same ta a bakin filinta, mai amalanke ya gama ɗaure kwandunan kaji a kan katifa da tukwane. Tsohon ya taho yana haki, ƙasar kabarin har gwiwar hannu.

"Ki yi wa Allah ki sauke kayan nan. Na zalunce ki. Filin naki ne har ƙarshen ranki, a gaban kowa na faɗa."

Ta gyara ɗaurin wani kwando kafin ta dube shi. "Yaron nan tun yana ƙarami in ya fasa abu a bayan wani yake ɓoyewa. Na san shi, ni na wanke masa wando. Shi ƙarya ya yi. Kai kuwa yarda ka yi."

"Baƙin ciki ne ya rufe mini ido."

"Na sani. Ni ma na yi kukan karen nan, ka ji abin dariya, ni da ba na iya tsallake shi. Ƙawata ce ta bar shi. Da ka tako da ƙafarka ka tambaye ni, ko da zagi ne, da yanzu ina kwance kajin nan. Amma in kwana a nan, in tashi kullum in gaishe ka, ina sane da abin da ka yarda zan iya? A'a, Malam. Ka ba yaron ya ajiye motarsa."

"Ina za ki?"

"Inda ba a san ni ba. Can in aka zarge ni ba zai yi ciwo haka ba."

Auta ta rungume ta tana kuka, ta ɗan bubbuga mata baya ta zame. Mai amalanke ya tura, kaji suka ɗauki kuka, ita kuma ta bi bayansa da fitila da buta a hannu, ba ta waiwayo ba. 'Yan kallo suka dare mata hanya, kowa ya sami abin dubawa a ƙasa.

Da amalanken ya sha kwana, Mai Burodi ya kama hannun rigar abokinsa. "Sunkuye, ka bi mini ita. Ka ga inda za ta sauka, ka zo ka gaya mini."

Sunkuye ya dubi layin tayoyin biyu da suka tsaga ƙasar lungun, sabo fil, ko yaro zai iya binsa.

"Ga shi nan a fili," ya ce. "Wannan ba ya buƙatata. Da safe aike ka yi, yanzu ma aike za ka yi?"

Ya zare hannun rigarsa ya kama hanyar gida, ya bar tsohon tsaye a bakin filin da babu ko kaza ɗaya.